WhatsApp ko Telegram: wanne ya fi dacewa da bitar malamai?

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an ɗora miki nauyin ci gaba da bibiyar malaman firamare tamanin bayan an tashi daga bitar kwana uku, kina ruwan ido tsakanin WhatsApp da Telegram, wani kuma ya ba ki shawarar Zoom. Na taɓa dukkansu, ga abin da na gani.

Zoom dai mu sallame shi tun da wuri. Na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kuma yana son kowa ya zauna a lokaci guda, da caji a waya da sabis mai ƙarfi. Malamin da sai ya fita bayan gari ya hau tudu kafin saƙo ya shigo masa, ina shi ina bidiyo kai tsaye? Balle tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafi yake yi.

Saura biyu. Idan a takarda ne, Telegram ya yi wa WhatsApp fintinkau. Zaurensa na ɗaukar mutum 200,000, na WhatsApp 1,024, sai dai wannan bai shafe ki ba tunda naki tamanin ne. Inda bambancin yake shi ne ajiya. Telegram yana riƙe komai a rumbunsa na intanet: malamin da aka kawo sauyin wurin aiki a tsakiyar zango zai shigo ya ja sama ya tarar da darasin farko, muddin kin buɗe tarihin zauren ga sababbi. Wanda aka sace wa waya ma, da ya dawo da layinsa komai na nan. WhatsApp kuwa kan wayar mutum yake jibge kaya. Wata biyu ya isa ki fara jin "Malama, wayata ta cika, na goge, don Allah a sake turowa." Wannan magana za ki ji ta har ki gaji.

Telegram yana kuma da tambayar gwaji mai zaɓi, wadda da an taɓa amsa take nuna daidai ko kuskure, har da ɗan bayani. Ga masu shirin jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda a kwamfuta ake yi, wannan atisaye ne mai kyau. Ƙuri'ar zauren WhatsApp ƙirga hannu kawai take yi. Sannan a Telegram mutum na iya ɓoye lambarsa, abin da malamai mata da yawa za su so, don kin san yadda ake tsintar lamba a zaure a bi mace da sallamar dare.

Duk da haka, da ni ce ke, WhatsApp zan ɗauka. Dalili ɗaya ne, amma ya rinjayi sauran: yana cikin wayarsu tun kafin ki zo. Ba sai kin ce a sauke wani abu ba, ba sai kin koya wa kowa inda ake dannawa ba. Malamin da ke jin nauyin rubuta Turanci a gaban abokan aiki zai danna ya yi magana da Hausa ba tare da kunya ba, kuma a nan ne ainihin matsalolin aji ke fitowa. Kamfanonin waya ma suna sayar da ƙaramin data na WhatsApp mai rahusa. Na taɓa buɗe zauren Telegram da zumuɗi, na tsara komai tsaf, sai ga shi 'yan kaɗan ne suka shigo, su ma suka leƙa sau ɗaya suka koma inda 'yan'uwansu suke.

Cutar WhatsApp kin san ta: barka da Juma'a, sanarwar ɗaurin aure, tallar atamfa, bidiyon siyasa, har darasin ya nutse. Maganinta yana cikin saitin zauren. Ki rufe shi ya zama masu kula kawai ke turawa, ki riƙa buɗewa a ranakun da kuka yanke. Aiki ɗaya a mako ya isa, misali a gwada koyar da haɗa baƙi da wasali da murafen kwalba a aji biyu, kowa ya turo muryar minti biyu kan yadda ta kaya.

Wani abu kuma, musamman idan aikin ya haɗa da jin daɗin jama'a, kamar jerin marayu ko yara masu buƙata ta musamman. Saƙonnin zauren WhatsApp a kulle suke daga mai turawa zuwa masu karɓa, na zauren Telegram ba su da irin wannan kullewa. Amma kullewa ba ta hana ɗan zaure ɗaukar hoton allo ya yaɗa. Sunan yaro da hotonsa da halin gidansu kada su shiga ko ɗaya daga ciki.

Telegram ɗin kada ki yar da shi. Ki buɗe tasha guda a can ta zama rumbu, ki zuba jagororin darasi da bidiyoyi, duk wanda ya ce ya goge ki miƙa masa adireshin. Ki kuma roƙi a bar miki haɗuwar ido da ido ko sau ɗaya a wata. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna, da aka kafa a 1976, karatu daga nesa take bai wa malamai, amma ba ta fasa tara su a cibiyoyin karatu a ƙarshen mako ba. A haɗuwar farko ki karɓi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya ki kashe musu saukar da bidiyo da kansa, shi ne ke cinye musu data.