Flipside 400 ko Everyday mai lita 20: ga wadda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin jakunkunan kyamara na goyo guda biyu, Lowepro Flipside 400 da Peak Design Everyday mai lita 20, da ka ce ka rasa wadda za ka ɗauka, ni dai ka sayi Flipside. Ita nake goyawa yau shekara biyar ke nan, samfuri na biyu, kuma ko gobe ta mutu irinta zan sake nema.

Babban abin da ya raba su shi ne inda ƙofar take. Flipside ta bayanka take buɗewa, wato muddin tana goye, zif ɗin ɗakin kyamara yana manne da gadon bayanka, babu hannun da zai kai gare shi. Wanda bai taɓa shiga turmutsutsu da kayan sana'arsa gaba ɗaya a baya ba, zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ni a Hawan Daushe na san darajarsa. Ina tsaye wajen Ƙofar Kudu, la'asar ta yi sakaliya, dawakan hakimai suna shigowa, 'yan bindiga na ta barin wuta, ƙura ta turnuƙe, jama'a sun matse ni gaba da baya har ko wuya ba na iya juyawa. Idona na cikin kyamara ina bin wani akawal da aka yi wa jan lifidi, sai na ji kamar ana taɓa jakar. Babu halin waiwaye. Da taro ya ɗan lafa na sauke ta, na tarar da aljihun waje a wangale, an zare cajar waya da tsumman goge lens. Iyakar abin da hannun ya samu ke nan. A ciki kuwa ga kyamarata ta biyu, ga lens ɗina 24-70, ga filashi biyu, ga katunan da ke ɗauke da hotunan wani biki da ban riga na kai wa masu shi ba. Na samu dakalin wani gida na zauna ina ta hamdala, hannuna na rawa. Da a ce jaka ce mai zif a gefe ko a gaba, Allah kaɗai ya san yadda ranar za ta ƙare mini.

Abu na biyu da nake ƙaunarta da shi, ba sai ka sauke ta ƙasa ba kafin ka canza lens. Ka zare hannuwanka daga maɗauran kafaɗa, ka bar bel ɗin ƙugu a ɗaure, ka murzo ta gaba, sai ta kwanta a gabanka kamar tiren mai talla. Ka buɗe, ka ajiye wannan, ka ɗauki wancan, ka rufe. A hunturu, lokacin da ƙura ke yawo a iska, duk daƙiƙar da bakin kyamara ya yi a buɗe kana gayyato ɗigo-ɗigo ne a kan sensa (farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara), waɗanda za ka kwana kana gogewa a kwamfuta. A wajen dina kuma, inda ƙasa ta jiƙe da lemo da maiƙon shinkafa, ba ka da inda za ka ajiye jaka ma. In kuma dole sai ka ajiye, fuskarta ta waje ce ke taɓa ƙasa, ɓangaren da ke taɓa bayanka yana kallon sama. Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure da farar shadda ya koma gida da tambarin jar ƙasa a baya ya san abin da nake nufi.

Sai nauyi, wanda mutane ba sa lissafawa sai sun saya. Ɗauki misali da nawa kayan. Kyamarata Canon 5D Mark IV da batirinta ta kusa giram 900. Lens 24-70 mai f/2.8 wajen giram 800 ne. Shi kuwa 70-200 mai f/2.8 shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ƙara filashi biyu, batura, caja, laftof mai inci 15, da nauyin jakar kanta, za ka ga ka doshi kilo takwas ko tara. Wannan kaya za ka goya tun daga kamu har kai amarya. Kafaɗa ba ta iya wannan aikin ita kaɗai. Bel ɗin ƙugun Flipside mai faɗi ne, da soso a ciki, in ka ɗaure shi daidai kan ƙashin ƙugu sai ka ji nauyin ya sauka daga wuyanka. Kuma 70-200 na kwanciya a tsakiyarta a haɗe da kyamara, ba sai ka kwance ba.

Ban fara da ita ba. Kafin ita na sayi wata baƙar jaka marar asali a hannun wani mai shago da ya rantse mini cewa daga waje aka kawo ta. A ido ba ta da makusa. Wata huɗu kacal ta yi. Ina sauka daga adaidaita sahu a ƙofar gidan biki, na saɓo ta da hannu ɗaya, ɗinkin maɗaurin ya ɓalle daga sama, ta faɗi a kan kwalta. Sosan ƙasanta bai fi kaurin kwali ba. Ƙaramin lens ɗina na 50 ya daina kama hoto da kansa daga ranar, kuɗin gyara ya ninka abin da na ce na rage wajen sayen jakar. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don a lokacin da bashi na haɗa kayan.

Ita Everyday ɗin, ban ce ba ta da kyau ba. Na goya ta wani abokin aikina na yini guda. Ɗinkinta mai kyau ne, ba ta yi kama da jakar kyamara ba, kuma ciro kyamara ta gefe akwai sauri. Amma ta ɗan birni ce mai ƙaramar kyamara marar madubi da lens biyu, wanda zai fita daga mota ya shiga ofis. Maɗauranta sirara ne, bel ɗin ƙugu mai soso daban ake sayarwa, rigar ruwa ma daban, alhali a Amurka kanta kuɗinta ya haura dala 250 tun kafin a yi maganar kawowa da canjin naira. Garantin da suke bayarwa na har abada gaskiya ne, sai dai ka tambayi kanka nawa za ka kashe ka aika jaka ƙetare daga nan.

Kada ka ce na ɓoye maka aibin tawa. Tana da zafi a baya, a watan Afrilu rigarka za ta jiƙe sharkaf. Ba ta da wurin zuba tarkacen kanka sosai, in ka saka gorar ruwa a gefe ɗaya da ƙafar kyamara a waje, sauran ɗan aljihu ne. Kuma in abu ya faru farat ɗaya, mai buɗewa ta gefe zai riga ka ciro kyamara. Ni maganin da na yi wa wannan, kyamara ɗaya kullum tana wuyana in ina bakin aiki. Samfuri na uku ma an ƙara masa ƙaramar ƙofa a gefe, in shi ka samu sai ka maƙala ɗan kwaɗo a zif ɗin ranar shiga taro.

Haruffan AW da ke jikin cikakken sunanta, Flipside 400 AW, suna nufin tana da rigar ruwa a naɗe a wani aljihu a ƙasanta. Ta cece ni a ruwan Agusta fiye da sau ɗaya, kuma a kan babur nakan saka mata ita ko ba hadari, saboda ƙura. Amma ka kiyaye wannan: da damina kada ka bar kayanka su kwana a cikin jaka, kowace iri ce. Danshi da duhu su ne ke haifar da fumfuna a cikin lens, za ka haska fitila ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin, in ya daɗe kuma yana cinye rufin gilashin, gogewa ba ta mayar da shi. In ka dawo gida ka fito da komai, ka bar jakar a buɗe ta sha iska, kayan kuma ka zuba su a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka kan masu sayarwa, don jabun jakunkuna masu tambarin manyan kamfanoni sun yi yawa. Wani zai ɗora hoton da ya kwaso daga shafin kamfani a Instagram, ya ce ka turo kuɗi a sako maka a mota, abin da zai iso hannunka daban. Kada ka biya sai ka riƙe ta, in kuma nesa ne, ya yi maka kiran bidiyo yana buɗe ta a gabanka, ko ka tura wanda ka yarda da shi. Ka ja maɗauran da ƙarfi ka duba inda aka ɗinke su da jikin jakar, nan ne jabu ke fara tonuwa. Ka ja zif daga farko har ƙarshe sau uku, in yana cijewa yau, gobe zai buɗe baki. Ka matsa sosan ƙasa da na katangun ciki da yatsa, na kirki yana dawowa nan take. Ka zaro rigar ruwan ka ware ta. In ta gwanjo ce, wadda ba laifi ba ne in mai kyau ce, ka cusa hancinka ciki: in ka ji warin danshi ka ajiye ta ko da rabin kuɗi aka ce, fumfunar wani za ka sayo wa lens ɗinka. Ka kuma ƙirga katangun sosan, wasu kan zare biyu ko uku su sayar daban. Duk wanda ya ce maka sabuwa ce dal amma kuɗinta bai kai rabin na kasuwa ba, ka yi masa sallama.

In kana hawa jirgi, ka sani kamfanoni da yawa kilo bakwai suke yarda da shi na jakar hannu, kuma baturan da ba a cikin kyamara suke ba dole su kasance tare da kai, ba a cikin akwatin da za a loda ba. Ni kyamara da babban lens nake ratayawa a wuya lokacin awo.

Ranar da za ka je saye, tafi da kayanka duka. Jera su a ciki a gaban mai shagon, ɗaure bel ɗin, ka yi ɗan zagaye na minti goma, ka gwada murzo ta gaba ka ciro lens. In 400 ta yi maka girma akwai 300 a jerinsu, amma in har kana da niyyar sayen 70-200 nan gaba, tsaya a kan 400. In ka samu wadda ta kwanta maka, turo hoton ɗinkin maɗaurin da na cikinta nan kafin ka biya, zan duba maka in sha Allahu.