Madubin gefe da lungun ɓuya: me ya cancanci kuɗin direba a Yamai?

Duk mai tuƙi a kan gadar Kennedy da safe, ko a kewayen Babbar Kasuwa da Wadata, ya san yadda mai kabu-kabu ke ɓullowa a gefen ƙofa kamar daga ƙasa ya tsiro. Ka duba madubi babu kowa, ka kunna sigina, ka karya sitiyari, sai ga oda a kunnenka. Babur ɗin yana nan tun ɗazu, yana cikin lungun da madubin ciki ya riga ya sake shi, na gefe kuma bai kama shi ba. Wannan lungu ne ake koyarwa a oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, da sunan angil mor. Yana farawa daga daidai kafaɗar direba ya miƙa baya a layin da ke kusa da kai, kuma ya isa ya ɓoye Starlet guda, balle babur.

Masu kayan mota suna sayar da magani iri huɗu: ƙaramin madubin liƙawa mai kamar bakin kofin shayi, gilashin canji mai lanƙwasa irin na motocin Turai, kan madubi sukutum, da na'urar rada mai kunna fitila. A cikinsu gilashin canji ne ya fi biyan kuɗinsa ga mafi yawan motocin gida, musamman waɗanda suka fito daga Amurka. Amma kafin a fitar da ko dala, akwai gyaran da ba ya cin komai, kuma rashinsa ne ke sa mutane da yawa sayen abin da ba su buƙata.

Yawancin direbobi suna saita madubin gefe yadda za su riƙa ganin jikin motarsu, har da marikin ƙofar baya. Sakamakon haka madubai uku suna nuna wuri guda, wato bayan mota, layin gefe kuma ya zama marar mai gadi. Wani injiniya Ba'amurke, George Platzer, ya bayyana wata hanyar saiti a 1995, kuma har yau ita ce mafi sauƙi. Ka zauna yadda ka saba tuƙi, ka daidaita madubin ciki ya cika da gilashin baya. Sai ka kwantar da kanka har ya taɓa gilashin ƙofarka, ka tura madubin hagu waje har sai ɗan siririn gefen mota kawai kake gani. Ka dawo ka karkata zuwa tsakiyar mota, daidai ƙarƙashin madubin ciki, ka yi wa na dama haka. Wannan yana buɗe kowane madubi da kimanin digiri 15. Gwajinsa a kan titi ne: motar da za ta wuce ka ta shiga madubin gefe kafin ta fita daga na ciki, kuma idonka ya kama hancinta kafin wutsiyarta ta bar madubin gefe. Kwana biyu na farko za ka ji kamar an ɗauke maka wani abu, don ido ya saba da ganin ƙofa. Wajen yin baya kuma sai ka ɗan karkata kai ka ga jikin mota.

Idan an yi wannan saiti kuma har yanzu babur yana ɓacewa, to matsalar tana ga gilashin kansa. Motocin da suka shigo ta tashoshin jiragen ruwa na Kotonu da Lome ba iyayensu ɗaya ba. Dokar Amurka ta ce madubin gefen direba ya zama shimfiɗaɗɗe, ba lanƙwasa, shi ya sa Corolla, Camry, RAV4 da Highlander na can suke da gilashin hagu mai nuna fili ƙunci, kimanin digiri 15 zuwa 20. Na damansu ne kawai ke da lanƙwasa, shi ne mai ɗauke da rubutun Turanci a ƙasa da ke gargaɗi cewa abin da ake gani ya fi kusa. Dokar Turai kuwa ta yarda da lanƙwasa a ɓangarorin biyu, har da gilashi mai kashi biyu: wajen kashi biyu cikin uku na ciki yana da lanƙwasa kaɗan, sauran na waje, bayan wani layi na ɗige-ɗige a tsaye, yana ƙara lanƙwasa har baki. Wannan ɓangare na waje shi ke leƙa lungun. Irin wannan gilashi yana iya ninka filin da shimfiɗaɗɗe ke nunawa. Don sanin wanda kake da shi, ɗora gefen rula ko katin banki a kan gilashin. In ya zauna daram, shimfiɗaɗɗe ne. In yana rawa, tsakiya ta taɓa gefuna sun ɗaga, yana da lanƙwasa.

Wajen saye, a tafi da motar, kada a tafi da hoto a waya. Sunan mota ɗaya da shekara ɗaya ba sa nufin gilashi ɗaya: Corolla ta Amurka da ta Turai sukan bambanta a siffar kan madubi, don haka ba kullum gilashin ta Turai ke zama a gidan madubin ta Amurka ba. In haka ne, sai a nemi gilashi mai lanƙwasa da aka yanka don wannan gidan. Abin da za a duba uku ne. Na farko, a saya tare da farantin roba na bayansa, mai haƙoran da ke kama injin saiti. Gilashi tsirara da ake liƙawa kan tsohon yana ƙara nauyi da kauri, yana rawa a kan hanyar laterit, wani lokaci har yana gogar bakin gida. Na biyu, a ɗaga shi a kalli wani abu miƙaƙƙe a cikinsa, sandar wutar lantarki ko gefen gini. A ɓangaren ciki dole layin ya fito sumul. In yana kaɗawa kamar a cikin ruwa, gilashin jabu ne kuma zai sa ciwon kai. Na uku, a tabbatar na motar sitiyarin hagu ne. Kayan okaziyo da aka kwance daga motocin Japan ko Ingila na sitiyarin dama ne, ɓangaren layin ɗige-ɗige da kusurwar zaman kan madubin duk an yi su ne don direban da ke zaune a dama. A kayan asali na Turai ana ganin harafin E da lamba cikin da'ira, E1 Jamus, E2 Faransa, amma masu kwaikwayo ma sun iya buga shi, don haka gwajin sandar lantarki ya fi tambari gaskiya.

Canjin ba ya wuce minti goma. A tura gilashin da maɓalli har ƙarshensa, yadda gefe ɗaya zai buɗe baki. A liƙa salatif a fuskar gilashin gicciye, don in ya fashe kada ya yanki hannu. A zura abu mai faɗi na roba, ko cokali da aka naɗe da tsumma, har ya kai tsakiyar farantin, sannan a ɓamɓaro a hankali. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ja daga bakin gilashi: ko gilashin ya tsage, ko sandunan injin saiti su fita daga mazauninsu, daga nan maɓalli ya riƙa ƙara banza ba motsi. In akwai waya biyu a baya, na ɗumama gilashi ne don ƙanƙara. A Yamai ba su da wani aiki sai ɗan busar da ruwa a damina, in sabon gilashi ba shi da wurinsu a naɗe bakinsu da salatif ɗin wuta, kowace daban. A daidaita injin ya koma tsakiya, a ɗora sabon, a danna da tafin hannu a tsakiya har a ji ƙas. Motoci masu gilashin da ke dusashewa da kansa in fitila ta haska shi, su kam a bar su ga mai wutar mota, domin gilashinsu na da sinadari a ciki da wayoyin kansa, kuma ana rasa wannan aiki in an canza.

Aibin gilashi mai lanƙwasa ɗaya ne, kuma babba: yana ƙanƙanta abu, sai ya yi kamar yana nesa. A cikin gari ba damuwa sosai. A kan hanyar Dosso ko ta Tawa kuwa lissafin ya canza. Bas ɗin da ya fi ka gudu da kilomita 20 a awa yana cin wajen mita 5 da rabi na tazararku a kowace daƙiƙa, ga shi a madubi ɗan mitsitsi. Don haka madubin gefe ya gaya maka akwai abu ko babu, nisa kuwa a tambayi madubin ciki, shi ne shimfiɗaɗɗe. Bayan ka wuce tirela, kada ka koma layinka sai ka ga fitilunta biyu na gaba a madubin ciki. Dattawa masu gilashin ido sukan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ido ya saba. A fara da hanyoyin da aka sani, da rana.

Ƙaramin madubin liƙawa shi ne ya cika gari, ƴan talla ma suna yawo da shi a bakin danja. Yana aiki, amma aikin faci. Faɗinsa yawanci santimita 5, wato yana cinye wajen santimita murabba'i 20 na gilashin, kusan kashi ɗaya cikin goma a ƙaramar mota. Lanƙwasarsa ta yi yawa, babur a cikinsa kamar ƙuda yake, da dare kuma ɗigon haske ne kawai. A hagu, kan gilashi shimfiɗaɗɗe, yana da amfani. A dama, inda gilashin ya riga ya lanƙwasa kuma yana nesa da ido, ba ya ƙara komai sai don ganin tayar baya da bakin magudanar ruwa wajen fakin. Kada a liƙa shi kan ɓangaren waje na gilashi mai layin ɗige-ɗige, an rufe mai kyau da marar kyau ke nan.

In za a saya, a zaɓi na gilashi marar baki, mai ɗan gindi da ke juyawa. Ƙwanƙwasa shi da farce zai nuna: gilashi yana ƙara siririya, roba tana amsawa a dushe. Na roba mai fentin azurfa ba ya jure ƙurar hunturu, goga biyu uku da busasshen tsumma ya karce, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 kuma ya sa shi yin hazo. Wurin liƙawa kusurwar waje ta sama, inda madubi ke nuna sararin sama kawai. Ta ƙasa ga mai son ganin taya. Faɗuwar da yake yi bayan sati ɗaya kusan kullum laifin liƙi ne. A wanke gilashin da sabulu, a bushe, a goge da alkol na farmasi, a yi aikin a inuwa da sassafe ko bayan la'asar lokacin da gilashin ya huce. A gwada wurin tukuna kana zaune a kujerarka, wani yana riƙe da shi, wani kuma yana tsaye mita biyu daga tayar baya ta gefe. A danna daƙiƙa 30. Salatif mai fuska biyu na kirki, irin na 3M, yana kai rabin ƙarfinsa cikin minti 20, ya cika a kwana uku, don haka a hana mai wankin mota taɓa shi har lokacin. Sufa gulu kuma a bar shi: tururinsa yana barin farin tabo a gilashi, kuma ranar cirewa sai an kankare.

Kan madubi sukutum sai in tsohon ya karye ko ya yi sako-sako. A motocin Toyota da yawa noti uku ne masu cin kile 10, a bayan wata roba mai kusurwa uku a cikin ƙofa, ko da yake wasu sai an kwance bangon ƙofar. A ƙirga wayoyin soket kafin a biya: uku na saiti kaɗai ne, biyar akwai ɗumama ko fitilar sigina, fiye da haka akwai naɗewa da kansa. Wanda ya sayi marar dacewa ya bari aka yanka waya aka haɗa da ka, fiyus ne zai riƙa ƙonewa. Masu Hiace da Hilux masu ɗaukar kaya da ke fin jikin mota faɗi sun fi buƙatar ƙarin madubi mai lanƙwasa na manyan motoci, wanda ake ɗaurewa da noti a sama ko ƙasan babban. Na liƙawa bai ishe su ba.

Na'urar rada ita ce mafi tsada kuma mafi ƙarancin dacewa da titunanmu. Ana ɓoye idanunta biyu a bayan bambar baya ta roba, a ja waya zuwa sigina da fitilun gargaɗi kusa da madubai. Ba ta gani ta cikin bambar ƙarfe, wanda ya cire Land Cruiser da Hilux da yawa daga lissafi. In kusurwar ɗaurin ta kauce kaɗan sai ta riƙa kuka kan katanga da itatuwa. A cunkoson kasuwar Katako, inda babura ke gogar mota hagu da dama, fitilar ba ta mutuwa, cikin sati direba ya daina kallonta. Ga mai yawan doguwar tafiya da dare tana da rana, in an samu mai wutar da zai bi takardar aunin da ke cikin kwalin. Ko da ita, ko da kowane gilashi, babur ɗin da ke daidai ƙofar baya yana iya kuɓucewa, musamman a dama wajen fita daga shataletale. Sigina tukuna, madubi, sannan ɗan waiwaye ta kafaɗa kafin a karya sitiyari.