Ka biya kuɗinka kuma ka gasa da hannunka: abin da na tarar a gidajen gashin nama na Seoul

Wata huɗu na yi a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, wajen wani kwas na aiki, kuma a cikin watannin nan sau biyar na zauna a gidan gashin nama irin nasu. Sau ɗaya na tashi da yunwa, sau ɗaya na tashi da haushi, sau uku na tashi ina sassauta mazagi. Tun da na dawo 'yan uwa ke tambayata ko abin ya kai yadda ake zuzuta shi a hotunan intanet, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Da na yunwar zan fara, don shi ne zai fi amfanar Musulmin da zai je. A makona na biyu aka ce akwai hoesik, wato cin abincin dare na ma'aikata bayan an tashi aiki, wanda ba a cika ƙin zuwansa ba. Aka ɗebe mu sai unguwar Mapo. Baƙo makaho ne ko da yana da ido: ashe unguwar da gashin alade ta yi suna. Abin da aka fara direwa a teburinmu shi ne samgyeopsal, naman cikin alade mai hawa-hawa, tsoka da kitse. Son da suke yi masa har ya kai sun ware masa rana, 3 ga Maris, saboda "sam" a harshensu uku ne. Shugaban sashenmu, dattijo mai kirki, da ya ga na janye hannu sai ya ce maza a kawo mini naman sa. Aka kawo, aka ɗora shi a kan ragar da kitsen alade ke tsiyaya. Na yi godiya, na ce ba zan iya ba. Na ƙare da farar shinkafa da busasshen ganyen teku, shi kuma ya ƙare da ba ni haƙuri har bakin tasha. Wallahi ya fi ni jin kunya.

A daren na gane cewa tambayar "akwai naman sa?" ba ta wadatar da komai. Sai ka san wa ya yanka, sai ka san a cikin me aka jiƙa naman, don galibi akan zuba 'yar giyar shinkafa a ruwan jiƙon, sannan sai ka san ragar da za a ɗora shi. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kasa gidajen abincin da Musulmi za su iya shiga gida huɗu: masu takardar halal daga hukuma irin ta Tarayyar Musulmin Koriya, waɗanda mai gidan Musulmi ne ya ba da shaida da kansa, waɗanda ke da wasu abincin halal amma suna iya sayar da giya, da waɗanda alade kawai suka cire. Kashi na ƙarshen nan ne ke ruɗar mutane, don cire alade daban, yanka daban.

Wanda ya fitar da ni kunya wani ɗan Kano ne da ya daɗe a can yana sayen kayan gyaran mota yana turowa gida. Mun haɗu a babban masallacin Seoul da ke kan tudu a Itaewon, wanda aka buɗe a 1976. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Itaewon, a layi na 6, hawa ne mai sa haki, kuma gefe da gefen hanyar duk shagunan halal ne: na Turkawa, na 'yan Pakistan, na Larabawa, da 'yan ƙalilan masu abincin Koriya zalla. Bayan an idar da Juma'a na ba shi labarin Mapo, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙanina, ai kai ka kai kanka. Taho, yau za ka ci nama." Na ce, "Yaya, in dai ba za a sake ni da ganyen teku ba, mu je." Muka ɗauki wasu ɗalibai biyu, ɗan Zinder da ɗan Zariya, muka zama mu huɗu.

Tun daga ƙofa aka fara ba ni mamaki. Kujerar da na zauna a kai ashe murfi gare ta. Ka ɗaga, ka cusa rigar sanyinka a ciki don kada ta sha hayaƙi. Cokula da tsinkayen cin abinci na ƙarfe suna cikin wata 'yar aljihun tebur a gefe. A tsakiyar teburin rami ne, sama da shi kuma wani bututun ƙarfe ya sauko daga rufi kamar hancin giwa, shi ke zuƙe hayaƙi. Ba a jima ba wani saurayi ya shigo da tukunyar garwashi jajir, yana faɗin a kauce, ya zura ta a ramin, ya ɗora raga. Zafin ya bugi fuskata, nan take na tuna tukubar mai tsiren unguwarmu da daddare.

Kafin nama ya iso, teburi ya cika da ƙananan kwanuka har babu wurin ajiye waya. Banchan suke ce musu. Akwai kimchi, kabejin da aka tsuma da barkono da tafarnuwa har ya yi tsami. Akwai tsiron wake da man riɗi. Albasa cikin ruwan waken suya. Ganyen albasa da aka yayyanka siriri aka cuɗa da barkono. Da ƙwai da aka turara a 'yar tukunyar ƙasa ya kumbura yana huci. Na fara lissafin kuɗi a zuci, Yaya ya lura ya ce, "Ci abinka, duk kyauta ne, in ya ƙare a ƙaro." Haka kuwa aka yi. Akwai maɓalli a gefen tebur, kana dannawa ƙararrawa ta yi ƙara, ma'aikaciya ta amsa daga nesa. Yaya kuwa ba ya dannawa, sai dai ya ɗaga murya ya ce "imo", wato inna, kamar yadda 'yan gari ke kiran matan da suka manyanta a irin wuraren nan. Sau uku innar nan tana ƙaro mana kimchi ba ta ɓata rai ba.

Sai nama. Mun fara da chadolbagi, naman ƙirjin sa da aka yanka falle-falle kamar takarda, wanda kafin ka ƙirga goma ya gasu. Daga nan galbi, awazar sa da aka jiƙa a ruwan waken suya da tafarnuwa da man riɗi da sukari da ruwan wani ɗan itace mai kama da tuffa da ke sa nama laushi. Ɗanye aka kawo shi, tare da awartaki da almakashi. Almakashi fa, irin na tela. Da shi ake yanka nama a kan wuta, kuma bayan na gwada na rasa dalilin da ya sa mu ba mu taɓa tunanin haka ba. A al'adarsu ƙaramin cikin tawaga ne ke riƙe awartaki, don haka aka miƙa wa ɗan Zariya. Minti biyar bai cika ba ya babbake rabin awazar, saboda sukarin da ke jiki ba ya jure wuta. Inna ta zo ta karɓe awartakin ba ta ce uffan ba, ta ɗaga ragar da ta yi baƙi ta sa sabuwa, ta jujjuya naman, ta yayyanka, ta jera gasassun a gefe inda wuta ba ta da ƙarfi, ta tafi. Duk wannan bai ɗauke ta minti biyu ba.

Inda abin ya kama ni shi ne wajen ci. Ba a ɗaukar nama a jefa baki haka kawai. Za ka shimfiɗa ganyen latas a tafin hannu, ka ɗora wani ganye mai faɗi da suke kira kkaennip, wanda ƙamshinsa ya tuna mini ɗoɗɗoya, ka sa yankan nama ɗaya, ka lakato ssamjang, ka ƙara tafarnuwar da ta gasu a gefen raga, ka dunƙule, ka tura duka a loma ɗaya. Gutsura biyu abin dariya ne a wurinsu, kuma ruwan zai bi maka hannu. Ssamjang ɗin nan haɗin markaɗen barkono ne da doenjang, waken suya da aka ruɓar. Ina ɗanɗanawa na dubi ɗan Zinder, ya dube ni, muka ce a tare: daddawa! Ita ce, sai dai ta fi tamu gishiri da laushi. Wanda ya tashi da miyar kuka ba zai yi baƙunta da wannan ɗanɗanon ba. Zafin nama, sanyin ganye, tsamin kimchi da warin daddawa duk a loma guda: nan ne na sallama cewa mutanen nan sun san abin da suke yi. Ganyen ne ke yanke maiƙo, shi ya sa za ka yi awa biyu kana ci ba ka gundura ba.

Amma in za a cire ganye da kwanukan nan a bar nama da nama, gaskiya ban ga abin da ya fi balangun gida ba. Galbi ya yi mini zaƙi da yawa. Bakina bai saba da nama mai sukari ba, kuma bayan yanka biyar ko shida na koma wa wanda ba a jiƙa ba, ina dangwala shi a man riɗi da gishiri. Babu yaji, babu ƙuli, babu wannan ƙamshin da nama ke yi in ya daɗe a gefen wuta yana tsotse hayaƙi a hankali. Nasu gashin gaggawa ne, a ci da zafinsa. Sannan naman da muka ci daga Ostareliya aka shigo da shi, kamar yadda aka rubuta a bango, don doka ta sa a bayyana asalin nama. Shanunsu na gida da suke alfahari da su, hanwoo, waɗanda mafi daraja a cikinsu ke da maki 1++, na gan su ne da ido kawai a kasuwar nama ta Majang, kitse ya ratsa tsoka kamar zanen lalle. A can za ka sayi naman a ƙasa ka hau bene a gasa. Na kalli farashi, na tuna batun yanka, na wuce.

Batun kuɗi kuwa, a shirya. Ana sayar da nama ne da rabon mutum ɗaya, gram 150 zuwa 200, kuma galibi ba a karɓar odar da ta gaza rabo biyu, don haka mai zuwa shi kaɗai zai sha wahala. Rabo ɗaya ba ya ƙosar da ƙato. Mu huɗu mun ci rabo bakwai, muka rufe da naengmyeon, taliya siririya a cikin romo mai ƙanƙara. Ni dai cokali uku na yi na ture. Romo da ƙanƙara ba su haɗu a kaina ba, ko da yake ɗan Zinder ya shanye nasa ya jawo nawa. Da lissafi ya zo ya haura won 150,000 a kuɗinsu. A bakin ƙofa ake biya, kuma ba a ba ma'aikata tukuici. Na zaro kati, Yaya ya riƙe mini hannu. "Kai baƙo ne, kada ka sake." Na ce, "Allah ya ƙara buɗi, Yaya." Sau biyun da na koma daga baya da kuɗina, na ji a jikina.

Jin a jikin ne ya kai ni ga na haushin. Na ga tallar wani gida da ke cewa ka biya kuɗi ƙayyadadde ka ci iya cinka, kuma sun manna alamar halal a ƙofa. Ba zan kama suna ba. Araha ba ta ado. Maimakon garwashi gas ne, maimakon raga farantin ƙarfe, naman kuma daga firiza aka zubo shi yana ɗigar ruwa, sai ya dahu a ruwansa maimakon ya gasu. An ba mu minti 90, kuma tun saura 20 aka fara kwashe kwanuka a gabanmu. A bango an rubuta tarar wanda ya bar saura. Mun danna ƙararrawa har sau huɗu kafin a canja mana farantin da ya ƙone, bututun hayaƙin ma ba ya ja, idanuna suka yi ja kamar na mai hura wuta da ɗanyen ice. Da na nemi ganin takardar halal ɗin, sai aka nuna mini hoton kwalin da naman ya zo a ciki. Na tambayi abin da ke cikin ruwan jiƙon, yaron ya shiga ciki bai dawo ba. Wanda ba a jiƙa ba kawai muka ci, muka fita kafin lokacinmu ya cika.

Wanda zai je, ya nemi gidan garwashi, ya tara mutum uku ko huɗu, ya je da lokaci a hannu, kuma ya fara da naman da ba a jiƙa ba kafin mai zaƙi, don mai zaƙin ne ke ɓata raga. Kada ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ni na yi wannan kuskuren ranar da Yaya ya fara kai ni. Duk da turaren da suke ajiyewa a bakin ƙofa don fesawa, har na isa masauki mutanen cikin jirgi na waiwayena, kuma sai da shaddar ta sha wanki biyu.

A zuwana na ƙarshe, ana jibi zan taso, na tafi da ɗan ƙullin yajin ƙuli da matata ta sa mini a jaka tun daga gida. Na zazzaga shi a ɗaya daga cikin ƙananan kwanukan, muka riƙa dangwala chadolbagi a ciki kafin mu naɗe a ganye. Inna ta zo canja raga, ta tsaya tana kallon garin. Na miƙa mata yanka ɗaya. Ta tauna, ta yi tari, ta sha ruwa, ta ce wani abu da Yaya ya fassara mini da cewa akwai gyaɗa a ciki. Sannan ta shiga kicin ta dawo da 'yar roba, ta nuna ragowar ƙullin.