73 ko 67? Hanyar taurari masu fashewa da hanyar tsohon haske, gefe da gefe

Malam, tambayarka ita ce: a wani wuri ka ga an ce sararin samaniya na faɗaɗa da saurin 73, a wani wurin kuma 67, an kuma ce na farkon daga taurari masu fashewa aka samo shi. To wanne ne daidai, kuma ta yaya kowane ɓangare ya kai ga nasa?

Mu fara da abin da lambar take nufi. Kilomita ne a sakan ɗaya, a kan kowane megafasek na nisa. Megafasek kuwa tafiyar da haske ke yi ne a shekara miliyan 3.26. Gungun taurarin da ke nisan megafasek 100 yana nisantar mu da kilomita 7,300 a sakan in an bi na farko, ko wajen 6,700 in an bi na biyu. A 1929 Edwin Hubble wajen 500 ya samu, saboda nisan da ya yi aiki da shi ya gaza na gaskiya ƙwarai. Har yau nisan ne wahalar. Saurin ba ya ba da wuya: a baza hasken gungun a na'ura, a ga yadda layukansa suka karkata zuwa ɓangaren ja, a lissafa.

Ba kowace fashewar tauraro ake aiki da ita ba, sai irin da ake kira Ia. Ragowar tauraro ce mai suna farin wada, curin kabon da iskar oksijin, girmansa kamar na duniyarmu amma nauyinsa ya kusa na rana ko ya fi. Idan ya janyo kaya daga tauraron da ke kusa da shi, ko ya haɗe da ɗan'uwansa, ya doshi ninki 1.4 na nauyin rana, sai ya tarwatse gaba ɗaya. Ana gane shi da rashin layin haidurojin a haskensa da kuma layin silikon mai ƙarfi. Hasken da muke gani na makonni ba na wutar fashewar ba ne, na nikel-56 ne da ke rikiɗewa zuwa kobal-56 (rabinsa na ƙarewa a kwana 6), shi kuma ya rikiɗe zuwa ƙarfe (kwana 77). Cikin kwana 18 zuwa 20 yake kai ƙololuwa, inda yake ninka hasken rana sau wajen biliyan biyar.

Sau da yawa za ka ji an ce duk haskensu ɗaya ne. Ba haka ba ne, gyara su ake yi. A 1993 Mark Phillips ya nuna cewa wadda ta fi haske ta fi jinkirin dusashewa, don haka ake auna yadda ta ragu a kwana 15 bayan ƙololuwa, a yi gyara na farko. Na biyu na launi ne: ƙurar da ke tsakanin taurari tana rage haske tana kuma maida shi ja, sai a ɗauki hoto da matatun launi da dama a cire tasirinta. Akwai ƙaramin gyara na uku, don fashewar da ta auku a babban gungu takan ɗan bambanta da ta ƙarami. Bayan duk wannan, fashewa guda tana ba da nisa da kuskuren kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, ɗaruruwansu kuma su rage shi sosai.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Fashewar tana iya gaya maka wannan gungu ya ninka wancan nisa sau goma. Ba ta iya gaya maka megafasek nawa ne ba sai ka san ainihin haskenta daga wani wuri. Kamar mai awon hatsi ne da ya ƙirga mudu arba'in daidai ba kuskure, amma ba a faɗa masa ko mudun wace kasuwa ba ne.

Shi ya sa ake gina tsani mai mataki uku. Matakin farko lissafin kusurwa ne zalla: tauraron ɗan'adam na Gaia ya auna yadda taurarin gungunmu ke gocewa kaɗan yayin da duniya ke zagaya rana, sai Babban Gajimaren Magellan, ƙaramin gungu maƙwabcin namu, wanda aka auna nisansa da tagwayen taurari masu kare juna, tafiyar haske ta shekara wajen dubu 162, da kuskuren kashi ɗaya, sai gungun NGC 4258 mai nisan megafasek 7.6. A waɗannan wurare uku ake tantance taurarin Sefid, masu kumbura suna sacewa a kan ƙa'ida. Henrietta Leavitt ce ta nuna a 1912 cewa wanda zagayensa ya fi tsawo ya fi haske. Mataki na biyu, a nemo gungun da ke da Sefid kuma an taɓa ganin fashewar Ia a cikinsa, a san ainihin hasken fashewar. Na uku, a kai wannan awon kan ɗaruruwan fashewa masu nisa. Ana farawa ne daga wajen megafasek 100, domin kowane gungu yana da yawonsa na kansa na kimanin kilomita 300 a sakan, wanda a kusa yake ɓata lissafi. Tawagar Adam Riess ta bi wannan hanya ta fitar da 73.04, da ragi ko ƙarin 1.04, a 2022.

Ɗaya ɓangaren ba ruwansa da fashewa ko tsani. Yana duban hasken da ya kuɓuta lokacin da samaniya ke da shekara wajen dubu 380, wanda a yau ya huce zuwa digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyi. Kafin lokacin, igiyoyin sauti sun ratsa zazzafar iskar da ta cika ko'ina, suka bar tabo-tabo na bambancin zafi, kashi ɗaya cikin dubu ɗari. Ana iya lissafa iyakar tafiyar da sautin ya yi, wajen megafasek 147 a ma'aunin yau. Tauraron ɗan'adam na Planck, na hukumar sararin samaniya ta Turai, ya auna kusurwar da wannan tsawo ya cika a sama, daga nan aka fitar da 67.4, da ragi ko ƙarin 0.5, a 2018.

Idan aka jera su, raunin kowanne a wani wuri yake daban. Hanyar fashewa tana auna faɗaɗar yau kai tsaye, ba ta jingina sosai da nazariyyar yadda samaniya ta faro ba, sai dai gaɓoɓinta suna da yawa, kuskuren mataki ɗaya kuma yana hawa har sama. Matakin tsakiya ne siririn: fashewa 42 kacal a gungu 37 suka ɗauki nauyin lissafin 2022. Sefid suna zaune a wurare masu ƙura da cunkoso, hasken maƙwabta na iya shiga nasu su zama kamar sun fi kusa, yawan ƙarafan da ke jikinsu ma na taɓa haskensu. A can nesa kuma madubin hangen nesa ya fi kama masu haske, marasa haske su kuɓuce, dole a gyara wannan son kan. Hanyar Planck awonta ya fi tsabta nesa ba kusa ba, amma ba saurin yau take aunawa ba. Hasashensa take yi, ta ɗauko samaniya tana jaririya ta lissafo shekara biliyan 13.8 gaba bisa tsarin da ya ce kashi 68 na abin da ke cikinta ɓoyayyen makamashi ne da ƙarfinsa ba ya sauyawa. In akwai abin da tsarin ya manta, 67.4 ba zai tsaya ba.

Ga ƙanƙantar abin da ake jayayya a kai. A ma'aunin hasken taurari, inda lamba ke raguwa in haske ya ƙaru, tsanin Sefid ya ce ainihin hasken Ia −19.25 ne. Kafin a samu 67 sai ya zama wajen −19.43. Wato fashewar da tsani ya ajiye a megafasek 100 sai ta koma 108, ka raba 7,300 da 108 ka gani. Bambancin haske na kashi 17 ne kawai, amma ya kusa ninki biyar na kuskuren da ɓangarorin biyu suka amince da shi, abin da ba a danganta shi da sa'a.

Abin da ya kamata ka riƙe, wanda labarai kan tsallake: taurari masu fashewa ba 'yan ɓangaren 73 ba ne. An ɗauki irin waɗannan fashe-fashen an ɗaura su a kan tsawon sautin nan na 147, ta hanyar tazarar da ya bari tsakanin gungu-gungu, aka gangaro da tsanin daga sama zuwa ƙasa. Tawagar binciken ɓoyayyen makamashi mai suna DES ta yi haka a 2019 ta samu 67.8. Fitila ɗaya, amsa biyu, gwargwadon abin da aka tantance ta da shi. Wannan ne kuma ya sa gano cewa faɗaɗar na ƙara sauri, wanda aka yi a 1998 ya kawo wa Perlmutter da Schmidt da Riess kyautar Nobel a 2011, bai shiga rigimar ba: kwatanta na nesa da na kusa kawai yake buƙata.

Wanne ne daidai? Ba a yanke ba, kuma duk wanda ya ce maka an yanke ya yi gaggawa. Zargin cunkoso ya yi rauni tun da madubin hangen nesa na James Webb ya sake duba Sefid sama da dubu ya samu abin da madubin hangen nesa na Hubble ya samu. A ɗaya gefen ma na'urar ACT, wadda ta auna tsohon hasken nan daga hamadar Atacama a Chile, ta samu kusa da 68 ba tare da bayanan Planck ba. Tawagar Wendy Freedman, da ta sauya Sefid da jajayen manyan taurari a ƙololuwar haskensu, waɗanda ake samu a gefen gungu inda ƙura da cunkoso ba su da yawa, ta faɗo tsakiya da 69.8 a 2019, da kuskuren da ya kusa taɓa ɓangarorin biyu. A ganina wurin da ya fi cancantar sa ido shi ne matakin tsakiyar nan. Fashewar Ia da ke kusa isasshe har a ga Sefid ɗin gungunta da madubin Hubble kusan guda ɗaya ce a shekara, don haka 42 ɗin ba za ta ninku da wuri ba sai James Webb ya miƙa matakin zuwa gungu masu nisa.