Kambas mai haƙora a kan duwatsun Shere

Masu tambayata ko kambas ɗin gudun daji ya cancanci kuɗinsa, ga abin da na gani a nawa bayan ya sha damina da hunturu a duwatsun Shere, gabas da Jos. A gwanjo na saye shi, amma haƙoran ƙasansa ba su taɓu ba, da alama mai shi na farko bai wahalar da shi ba.

Tafin nan shi ne kuɗin takalmin. Haƙoran sun kai kamar milimita 5, kuma a wawware suke, saboda haka laka ba ta samun wurin maƙalewa, taku kaɗan ta zube da kanta. A watan Agusta, lokacin da turbar makiyaya da masu itace ke komawa taɓo, nakan sauko gangara da gudu hankalina kwance, alhali abokan tafiyata masu kambas ɗin gida suna dafa ƙasa da hannu. A kan tsakuwa da burji ma haka yake cizo. Bakinsa kuma yana da roba mai tauri, na sha yin tuntuɓen da da wani takalmin ne da farce ya fita.

Inda ya gaza shi ne falalen dutse mai laima. Duk mai neman ƙololuwar Shere, wadda ta kai mita 1,829, dole ya taka irin wannan dutse, kuma in ruwa ya sauka gansakuka ta jiƙe, haƙoran ba su da abin da za su nutsa a ciki. Tsininsu kaɗai ke taɓa dutsen, sai ka ji ƙafa tana neman tafiya ta bar ka. A nan gudu ya ƙare. Taku gajere, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, hannu a shirye. Da rani, in dutsen ya bushe, babu wannan fargabar.

Nawa ba shi da rufin hana ruwa shiga, kuma na fi son hakan. In na tsallake rafi ruwa ya shiga, nan da nan yake fita, iskar Jos ta ƙarasa busar da shi. Mai rufin, in ruwa ya shige ta wuya, a ciki zai yini. Sai dai a guji safar auduga, don tana riƙe gumi, kuma ita ce ke kawo bororo a dunduniya.

Maganar lamba kuwa, a ƙara rabi ko ɗaya a kan wadda aka saba. Ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, kuma a gangara yatsu suna dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. A gwada shi da yamma, da safar da za a yi tafiyar da ita.

Kwalta ba wurinsa ba ne. Tana cinye haƙoran, ga shi da tauri a gwiwa. Atisayen cikin gari da tsohon kambas ɗina nake yi, wannan sai an iso bakin daji nake sa shi. Wanda ya zo daga Kano ko Zariya kada ya ɗora wa takalmi laifin haki: Jos kanta tana wajen mita 1,200 sama da teku, jiki sai ya saba. A fara da tafiya kafin gudu, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, a kuma ware rana domin koyon sauka, don sauka ta fi hawa cin cinya.

In a gwanjo za ka saya, lanƙwasa shi da hannu ka duba ko gam ya fara saki, ka danna soson tsakiya da babban yatsa. In bai dawo ba, ko ya yi alamar marmashewa, ajiye shi komai kyan samansa.