Garejin da suka gwada min ƙarfin tarakta

Jama'a duk mai shirin sayen tarakta ta hannu kar ya biya sai an ɗora ta a dainamomita, wato na'urar gwada ƙarfin inji. Wani gareji ta wajen Hotoro na kai Massey Ferguson 375, a takarda ƙarfin doki 75 ce, suka haɗa na'urar da sandar PTO ta baya, wato sandar da ke juya kayan aikin da ake haɗa wa tarakta, suka tayar har juyi 540 a minti, sai ruwan da ke cikin na'urar ya riƙa danne injin suna karanta abin da ya fito. Bakaniken ya ce min Alhaji ƙarfin PTO dole ya gaza na inji saboda giyar tarakta tana cin wani abu daga ƙarfin, amma naka faɗuwar ta yi yawa, matsalar nozul ce, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. Wallahi sun san aiki. Jira ne kawai da yawa, ga rana, ba rumfa.