Shagon da ya mayar da Garba madam

Ƙarshen watan jiya muka yaye ɗalibai 38 a ɗan wurin koyon ɗinkinmu da ke unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na kai sunayensu wani shagon buga takardu kusa da babbar kasuwa a yi musu takardun shaida. In ba su haƙƙinsu: takardarsu mai kauri ce, tawada ba ta zuba, in wuta ta ɗauke suna da inji. Kowace ɗaya dala ɗari, jika 19 ke nan duka. Ban ga tsada ba.

Laifina ɗaya, sunaye kawai na rubuta, ban ce wane namiji ne, wance mace ce ba. Na ɗauka ɗan Maraɗi ba ya bukatar a faɗa masa. Ashe yaron shagon bai ko karanta ba, ya zuba su cikin wata manhaja a kwamfuta wadda ke sa mushe (monsieur na Faransanci) ga namiji ko madam ga mace gaban kowane suna da kanta.

Ranar da na je karɓa, ina zaune kan benci ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sai ga Madam Garba. Garba fa, magidanci mai 'ya'ya huɗu da gemu har ƙirji! Musa ma madam, Isa madam. Abin da na gane, manhajar ta saba da ƙasashen da suna in ya ƙare da "a" yawanci na mace ne, irin Sifen da Italiya. Mu kuwa Hamza, Yahaya, Zakariya, duk da "a" suka ƙare. Usman shi ma bai tsira ba, don a takardun haihuwarmu Ousmane ake rubutawa, da "e" a ƙarshe kamar Simone ta Faransawa. Su Zeinabou da Aïchatou kuwa, da yake wutsiyarsu ɗaya da Issoufou, biyu sun zama mushe.

Wadda ta fi ba ni dariya Nana ce, yarinya mai kunya, ita ma mushe. Ɗana da ya raka ni ya ce wai ƙila saboda Gana ne, can maza na amsa sunan, kamar Nana Akufo-Addo da ya hau mulki a 2017. Ya ƙara da cewa ko a Italiyar Andrea namiji ne, ga Andrea Pirlo da suka ci kofin duniya a 2006, amma a Jamus mata ke amsa shi. Yaran nan da ƙwallo, sai dai a bar su.

Na ce wa yaron shagon, "Ɗana, kai ba ka san Garba ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Hajiya, ban duba ba." Abin da ya ɓata mini rai ke nan, ba na'urar ba. Ladi da Ɗanladi, Hasan da Hasana, ai kaka a ƙauye ma ta raba su ido rufe.

Mai shagon dai ya yi dattako. Ya ba ni haƙuri, ya sake buga guda 11 da suka ɓaci bai karɓi ko dala ba, amma sai da na dawo washegari, kuɗin kabu-kabu na kaina. Zan koma, sai dai da jerin da na rubuta mushe da madam da hannuna. Takardar Garba ta farko tana wajen matarsa, ta ƙi bayarwa.